Sunanki a Bakin Matan Gidimuni

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke aika wa wanda ya riga shi, ina fatan makwancinki ya yalwata. Ba ki saba ganin rubutuna ba sai da jan alƙalami a gefen takardunki na lakwal, wato makarantar boko. Yau ba gyara na zo yi ba. Ƙara na kawo, kuma ƙarar matan Gidimuni ce.

Kin san al'adarmu. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a. Na karantar da 'ya'yan mutane har furfura ta cika mini kai, na yi musu da al'adu da yawa a cikin aji, amma wannan ban taɓa saɓa mata ba. Da aka yaye ki, aka kai ki wurin kakarki a Zango. Idan na zo gaishe ta, “ke” nake ce miki, ko “yarinyar nan”. Kina amsawa ba tare da kin ɗaga kai ba.

Da kika gama karatu a Yamai, na tanadar miki kujera a banki. A lokacin ne fari ya sake komowa. Gero ya ƙone tun yana ƙarami, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, maza suka tafi Kano cin rani ba su dawo da damina ba. Sai kika bar kujerar, kika shiga ƙauyuka kina haɗa mata asusu, kina ba su ɗan jari na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da lambun albasa a bakin tafki. Na tambaye ki wace jingina matar da ta sayar da tabarmarta za ta bayar. Kika ce, “Baba, banki takardar gida yake tambayar mace. Ni maƙwabciyarta nake tambaya.”

A aji da na ba amsar nan cikakken maki.

Daga baya kika fito da dabarar awaki. A ba mace aron akuya, idan ta haihu ta riƙe 'ya'yan, ta miƙa uwar ga gida na gaba. Matan suka liƙa wa awakin sunanki. Ranar da na je Garagumsa ta'aziyyar wani abokin aiki, na ji wata tsohuwa tana kwarara sunanki a bayan danga, tana zagin mai shi da cewa ta cinye mata rama. Na tsaya cak. Ashe da akuya take. Ki duba lamarin: dabba tana amsa sunan da ni na zaɓa, ni na yanka masa rago, ni kuma aka haramta wa.

Sanƙarau ya kama ki a Gidimuni a tsakiyar bazara. Matan garin su suka yi jinyarki. A cinyar Inna Gambo, shugabar asusunsu, kika cika. Su suka yi miki wanka, mazansu da suka rage suka sallace ki. Kafin motar da na shiga ta iso daga Zandar, an rufe ki. Na san haka addini ya ce, kuma na gode musu da kalmomin da suka dace. Amma ina gode musu ina ƙirga abin da suka ƙwace mini. Sun san irin dariyarki. Sun san ba kya shan fura sai da tsami. Sun san abin da kika faɗa a ƙarshe, kuma har yau ban tambaya ba, domin ba na so in karɓi maganar 'yata daga bakin wani kamar sadaka.

A zaman makoki suna kuka da ƙarfi, suna kiranki, ni ina zaune a kan tabarma ina amsa “sai haƙuri”. Inna Gambo ta durƙusa a gabana, ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ta ce, “Mushe, kai ka haifa, mu muka mora. Allah ya ba mu haƙuri.” Mu, ta ce. Ban taɓa jin zafin wani ɗan'adam kamar yadda na ji zafin tsohuwar nan ba, kuma ba ta faɗi ƙarya ba.

Yanzu ga dalilin takardar nan. Jikar Inna Gambo ta haihu, mace, haihuwar fari. Suka yanke a mayar mata da sunanki. Tsohuwar ta zo Zandar da kanta, ta zauna a zaurena ba ta jira an ce ta zauna ba, ta ce uban jaririyar kunya ba za ta bar shi ba, ni zan faɗa wa liman sunan. Na ce mata ni ma ba a san ni da wannan ba. Ta ce, “Mushe, wadda kake jin wa kunyar tana ƙasa. Ko ƙasar kake jin wa?”

Na tafi. Gaskiya ba don in faranta musu ba. Na ƙi jinin a ce wani gardi ne zai ɗauki sunan nan ya ɗora wa sabuwar rai ina raye.

Da safe aka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Na matsa kusa da liman na raɗa masa, a hankali, yadda ni kaina da ƙyar na ji. Abin da ba wanda ya gaya mini, ko kuwa tsohuwar ta ɓoye da gangan, shi ne limamin Gidimuni kunnensa ya yi nauyi. Ya karkato ya ce, “Wa?” Na maimaita. Ya kama kunnensa ya ce, “Malam, ɗaga murya, ba sata muke yi ba.”

Sai na ɗaga. Da muryar da nake tsawata wa bayan aji na ɗaga. Guɗa ta tashi daga cikin gida, wata akuya da ke ɗaure a gindin bishiyar bedi ta waiwayo. Maza suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na san idan na buɗe baki ba dariya ce za ta fito ba.

Na dubi uban jaririyar, saurayi, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa, bakinsa a rufe kamar nawa na dā. Ranar nan kaɗai na ji ina da wani abu naki da wani a Gidimuni ba shi da shi. Na so in ja shi gefe in ce kada ya jira limami kurma kafin ya kira sunan 'yarsa. Ban yi ba tukuna.

Har yanzu ina kishinsu, ba zan ɓoye miki ba. Kabarinki yana wurinsu, awakinki suna gidajensu, takwararki tana bayansu. Ni safiya ɗaya na samu.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowace akuya da ta ƙetare danga ta zame miki sadaka mai gudana. Ya ba matan nan damina mai albarka, ni kuma ya yaye mini abin da ke zuciyata game da su. Idan ya haɗa mu, ki ɗaga kai idan na kira.

Na bar ki lafiya, Rakiya.

Mahaifinki.