Amanar Ɗan Japan a Kabet Ɗin Matata

Assalamu alaikum Malam Rashidu. Don Allah ka taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma waɗanda ke kewaye da ni sun fi gwanintar yanke hukunci a kan saurare.

Shekaruna sittin da bakwai. Tarihi na karanta a Zariya, na koyar da shi shekara goma sha ɗaya a kwalejin horon malamai. A New York kuwa na tuƙa tasi, na yi gadi, a ƙarshe na koma jinyar tsofaffi a gidajensu. Shekara ashirin da shida babu wanda ya tambaye ni abin da na karanta, sai wani tsoho ɗan Japan, Mista Kuwahara, da na yi jinyarsa shekara uku. Shi kaɗai ya taɓa kira na farfesa ba da ba'a ba.

Tsohon yana da wani tunani da ya cinye masa rayuwa. Ya yi imani cewa Kiristocin Farisa da suka isa ƙasar Sin a zamanin dā sun haɗu da sufayen Japan da suka je neman ilimi can, har wani abu na Kiristanci ya shiga ɓangaren addinin Buda mai koyarwar asiri. Yakan ce min suna yayyafa wa almajirinsu ruwa a ka kamar baftisma. Babban Budansu sunansa Babbar Rana, masu addinin gargajiya na Shinto suna girmama allahiyar rana, Kiristoci kuma suna maganar haske. A wurinsa duk kogi ɗaya ne. Nakan yi masa gardama, in ce haka Turawa suka ga gicciyen Agadas suka ce kakanninmu Kiristoci ne. Sai ya yi dariya, washegari ya fito da wata takardar. Ban san lokacin da na fara jiran takardun nan ba.

Kafin ya rasu ya danƙa min wani mutum-mutumin tangaran, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba: mace ce riƙe da jariri, an kuma zana ɗan gicciye a bayanta. Ya ce gadon gidansu ne, bai san ko na Buda ba ne ko Maryam ce aka ɓoye a zamanin da aka hana Kiristanci a ƙasarsu. Ya roƙe ni in kai shi ga masu shi. Na amsa.

Na kai shi wurin ibadar masu bin Buda, suka juya shi, suka ga gicciyen, suka ce in gwada coci. Fadan cocin ya dube shi da kyau ya ce wannan ai na masu bin Buda ne can. Wani malamin jami'a da na rubuta wa ya amsa min da layi biyu, ya ce irinsa na jabu sun cika kasuwa. Masu Shinto kuwa ban ma san ƙofar da zan buga ba.

Ga inda na yi wauta. Na saka shi a kabet ɗin matata, Halima Sa'adiya, bayan farantan tangaran ɗinta, ina ganin zai saje. Na manta cewa kabet ɗin yana daidai alƙibla a falonmu. Sati shida tana sallah tana fuskantarsa, ni ma haka. Ranar da matan islamiyyarsu suka zo, aka fito da farantai, aka gan shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta haɗa kayanta ta tafi unguwar Stapleton da ke tsibirin Staten Island wurin 'yarmu Hanan, ta ce ba za ta dawo ba muddin yana gidan. Yau kwana goma sha tara. A masallacin unguwarmu ta Tremont kuma mutanen da ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba suna cewa boko ya kai ni ga gunki.

Ni ban bauta masa ba, Allah shaida ne. Amma in na jefar da shi na ci amanar mamaci, in na ajiye shi na rasa matata. Kuma abin da ya fi damu na, na kasa daina karanta takardun tsohon. Wata rana in ga yana da gaskiya, wata rana in ga mu biyun tsofaffi ne da kaɗaici ya haɗa. Na wa ne wannan abu, kuma yaya zan yi?

Tsohon malamin tarihi, Tremont

Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma.

Tambaya biyu ka haɗa, ɗaya ce kawai mai gaggawa. Ko Kiristocin Farisa sun bar sawu a addinan Japan, wannan masana sun daɗe suna muhawara a kai, kuma kai da kanka ka faɗa wa tsohon cewa kama ba hujja ba ce. Tambayar za ta iya jira. Hajiya Halima ba za ta jira har abada ba.

Ka duba abin ta ɓangarenta. Ba karatunka ya kore ta ba. Ɓoyewar ce, da kunyar da ta sha a gaban ƙawayenta, da fargabar sallolinta. A wasiƙarka na ga ka ce ka yi wauta, amma ban ga inda ka ce ka ba ta haƙuri ba. Game da sallolin, ku je tare wurin malamin da ita ta yarda da shi, ta ji amsa daga bakinsa, hankalinta ya kwanta.

Kai ma kana da gaskiyarka. Riƙon amana ba bautar gunki ba ne, kuma masu surutu a masallaci ba su san alkawarin da ka ɗauka ba. Sai dai tsohon cewa ya yi ka kai, bai ce ka warware ba. Ina jin ka riƙe mutum-mutumin ne saboda shi ne shaidar da ta rage cewa wani ya taɓa girmama iliminka.

Yau ɗin nan ka naɗe shi, ka fitar da shi daga gidan. Ka tambayi kamfanin da ya tura ka jinya wa aka rubuta a matsayin dangin marigayin, don gadon gida ne, su ne masu shi na farko. In babu kowa, ka miƙa shi ga ƙungiyar 'yan Japan mazauna birnin nan ko gidan adana kayan tarihi, tare da rubutaccen bayanin duk abin da ya faɗa maka, da sa hannunka a matsayin malamin tarihi. Takardun kuwa ka ci gaba da karantawa a fili, a kan tebur.

Daga nan ka hau jirgin ruwan Staten Island, kada ka tsaya kiran waya. In ka isa, kada ka fara da Farisa ko ƙasar Sin. Ka fara da cewa ka yi kuskure, kabet ɗin kuma babu komai a cikinsa sai farantanta.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ku dawo a jirgi ɗaya.