Kujerar da Ba Ta da Baya

Asabar, 18 ga Muharram 1392

Abdulghani, ɗan kafilina, mutumin da ya tsaya min a ƙasar nan, ya dawo daga karatun injiniya a Italiya da kujera. Shi ya ce kujera ce. Abin da aka sauke a shagona na unguwar Nuzla dai falle ɗaya ne na katako, an lanƙwasa, an murɗe sau ɗaya, an haɗa bakin biyu. Ko ƙafa babu. Wai da lissafi aka fitar da ita. Yana so in rufe ta da jan karammiskin da ya taho da shi, kafin baƙinsa na Alhamis. Ya jawo takarda zai yi min bayani, na ce, "Halas, ya isa, shekara talatin ina rufa kujeru."

Lahadi, 19

Na auna fuskar na yanka, yadda aka saba: mai tsada a gaba, akoko a baya inda ido ba ya zuwa. Yaron ya sayo yadi ninki biyu, aikin wanda bai san sana'a ba. Ragowar na yayyanka zan yi wa mahaifiyarsa matasai.

Litinin, 20

Na fara buga ƙusa daga wurin zama, ina bi ina bi. Yadi ya ƙare, sai ga ni a ƙarƙashin inda na fara. Ban tsallaka gefe ba. Na bi ta da alli, layin ya zagaye ko'ina ya dawo ya same ni. Fuska ɗaya gare ta, babu bayan da za a sa wa akoko. Ashe yadin daidai ya sayo.

Talata, 21

Na gama kasuwar Bab Makka shago-shago, babu irin wannan jan. Iƙamata, takardar izinin zamana, za ta ƙare ƙarshen wata, kuma uban yaron ne mai sa hannu. Tsoro nake ji. Matata Mastura ta ga na ture tuwo, na ce mata zafi ne.

Laraba, 22

Bello mai walda, maƙwabcina, ya ce, "Yalla, maza sa mata zarto ka warware murɗin. Ka ce zafin jirgi ne ya lanƙwasa ta, kai ka gyara." Har na ɗora zarton. Na shafa ina neman mahaɗi in yanka a nan, ban samu ba. Wanda ya yi ta ya fi ni hannu. Na mayar da zarto jikin bango.

Alhamis, 23

Da safe na kai guntayen karammiskin gidan su Abdulghani a unguwar Bani Malik. Na ce, "Ni na ɓata. Ban gane ta ba, kuma ban tsaya na saurara ba." Ya daɗe yana jujjuya su. Ya ce min, "Baffa Haladu, haɗa su. Baƙi su gan ta tsirara yau." Maganar sa hannun babansa kuwa bai tayar da ita ba.

Talata, 28

Ɗinki biyar, duk a fili, tunda ba inda zan ɓoye ko ɗaya. Kwana huɗu suka ci min. Direba ya ɗauki kujera, ya bar min takardar iƙama da sa hannu. Alhamdulillahi.

Laraba, 29

An kawo wata tsohuwar kujerar falo, irin ta kowa. Bello ya leƙo ya tarar na kifa ta ina yi wa bayanta ƙananan ɗinki irin na gaba. Ya ce wa zai gani? Na ce aiki ne ya yi ƙaranci yau.