Kwalin Alhaji da Auren Ramatu

Hajiya Zainabu, ki taimake ni don Allah, bakina ya cika da magana na rasa inda zan zubar.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi, shekarata arba'in da shida, ban taɓa kai giya bakina ba. Yayan matata, Alhaji, babban ɗan kasuwa ne a unguwar Zariya, irin masu sahun gaba da doguwar carbi. Shi ya ba ni moto, wato babur, kyauta. Bayan wata biyu na gane abin da kyautar ta saya: ni ne zan riƙa sayo masa giyar inabi, a rufe cikin kwalin sabulu, wai don baƙinsa na ƙetare. Shekara uku ke nan ban ga baƙo ko ɗaya ba, sai idon Alhaji da ke ja kowace Asabar.

Mai butik ɗin, wato kantin da nake zuwa sayen giyar, ya yi yarjejeniya da dattawan unguwarsu: ba ya sayarwa sai daga ƙarfe goma zuwa azahar, ranar Juma'a kuma a rufe. Wato da rana tsaka, kowa na kallo. Alhamis ɗin da ta wuce na makara, na tarar yana jan ƙofa, na roƙe shi. Cikin sauri ya miƙo mini kwalabe biyu tsirara, babu kwali. Ina juyowa sai ga wani mutum, Maman Lawali, tsaye. Shi ne kawun yaron Tibiri da ke neman 'yata Ramatu, ya shigo gari binciken gidanmu ne. Har gaishe ni ya yi.

Tun ranar mutanen Tibiri shiru. Ramatu ta daina cin abinci. Da maganar ta kai wa Alhaji, sai ya girgiza kai a gaban jama'a, ya roƙa mini shiriya, har ya ce zai kai ni wurin wani malami a Jiratawa a yi mini rubutu! Wallahi ban taɓa raina mutum kamar ranar ba. Da mai butik bai matse lokaci ba, da duk haka ba ta faru ba. In tona masa asiri a masallaci, ko in haɗiye?

Mai ɗaukar kayan wani, Sabon Gari

Malam mai ɗaukar kaya,

Fara sakin mai butik. Shi kaɗai ne a labarinka ya yi alkawari ya cika. Shekara uku kana jigilar abin da ka san haramun ne, ba ka rubuto ba sai da aka gan ka. Kai ma kwalin sabulun nan ya yi maka daɗi.

Surukinka kuwa ba na ɓata masa tawada da yawa. Mutumin da zai sha, ya bar 'yar ƙanwarsa ta biya da aurenta, sannan ya yi maka addu'a a bainar jama'a, rawaninsa ya fi shi nauyi.

Amma kada ka kai maganar masallaci. Yayan matarka ne, kuma kawun Ramatu; in ka yaga shi, mutanen Tibiri za su ce gidan ne duka haka. Ka fara gaya wa matarka gaskiya. Sannan ka nemi dattijo ɗaya da ya san ka tun ƙuruciya, ku je Tibiri wurin Maman Lawali. Ka ce aike ne, ka yi kuskure, ka daina. Ba sai ka kama suna ba. Shi ma ya san wanda ya ba ka moto. Za su iya karɓa, za su iya ƙi, ban yi maka alkawari ba.

Daga nan ka sami Alhaji shi kaɗai, ka ajiye masa makullin moto da kwalinsa. In ya tambaya yadda zai yi, ka tuna masa butik na buɗewa ƙarfe goma, kuma Allah ya ba shi ƙafa biyu.

Allah ya sanyaya zuciyar Ramatu, ya ba ka sana'ar da ba sai an rufe ta da kwali ba.

Hajiya Zainabu