Shafin da Majo Lawali Ya Yanke

Dakar, 3 ga Maris, 2024

Zuwa ga Kawuna, Majo Lawali, a Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, da Inna Hauwa, da dukan mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Ni ma lafiya lau, sai kewar gida.

Kawu, albishirinka. Ka tuna kayenka, littattafan aikin nan goma sha ɗaya da na kwaso daga cikin akwatinka bara, kana cewa me zan yi da tsofaffin takardu? Waɗanda a cikinsu ka rubuta duk wanda hatsarin hanya ya kawo maka, a shekara goma sha tara da ka yi kana riƙe da ƙaramar likitar nan, wato asibitin ƙauye, ta bakin gudron, titin kwalta na wajen Garagumsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗari shida da goma sha uku. Ni da malamina na sashen masu rauni mai tsanani mun yi wata takwas muna nazarinsu. Abin da ya fito shi ne, wanda aka tsayar masa da jini kafin a ɗora shi a mota ya fi isa Damagaram da rai, nesa ba kusa ba. Kowa na faɗin haka da baki, amma ba a taɓa nuna shi da hujja daga ƙauyen ƙasarmu ba. Mujallar likitoci ta karɓi aikin, sai 'yan gyare-gyare.

Roƙo biyu gare ni. Na farko, ka sa hannu a takardar da na haɗo, don sunanka ya shiga cikin marubuta. Na biyu, masu duba aikin sun tambayi dalilin da babu komai daga tsakiyar Agustan 2003 zuwa ƙarshensa. Na koma kaye na huɗu, na tarar shafi ɗaya babu. Na san wane wata ne wannan a gidanmu, shi ya sa na daɗe ban tambaye ka ba.

Ka huta lafiya. 'Yarka,
Ummul Khairi


Birni, 13 ga Maris, 2024

Zuwa ga 'yata Ummul Khairi.

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na karanta wa Hauwa, ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Allah ya ƙara basira. Gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa.

Batun suna, ki bar shi. Ni majo ne, takardar firamare da ta koyon jinya kaɗai gare ni. Abin da na rubuta, don aiki na rubuta shi, saboda idan jandarma suka zo da tambaya in sami abin nuna musu. Sunana tsakanin na manyan likitoci, ai jaki ne a garken dawaki. Ki sa naki da na malaminki, ya wadatar.

Shafin da kika ce, kin san akwatin nan ya sha damina da ɓeraye. Ki gaya wa masu tambaya ya lalace.

Uwarki Rakiya ta zo jiya da kunun tsamiya. Ta ce kin rame a hoto, ki riƙa yin sahur na kirki.

Wassalam. Kawunki,
Lawali


Dakar, 16 ga Maris, 2024

Kawuna,

Gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya. Ka yi mini afuwa, yau zan yi maka musu.

Ɓera ba ya yanka takarda da reza, ya bar gefenta santal. Kuma kai ka koya mini cewa abin da ba a gani ba, ba a rubuta shi. Ba zan rubuta wa mutanen nan cewa shafin ya lalace ba.

Shekaranjiya aka kawo mana wani magini da ƙarfe ya tsaga wa cinya. Wani ya ɗaure masa ƙafar da tsumma, ya rubuta lokacin ɗaurin a jikin tsumman da bik. Yana nan da ransa da ƙafarsa. Malamina ya ce da ma kowa zai yi haka. Na ce masa akwai wanda ya shekara goma sha tara yana yi a ƙauye, ba lantarki, ba ambilans. Aikin nan naka ne, ni jera shi kawai na yi. In babu sunanka zan janye shi, ko da hakan zai ja mini ƙarin shekara kafin in gama. Masu mujallar sun ba ni zuwa ƙarshen Afrilu.

Kawu, ina da shekara tara lokacin da Baba ya rasu. Abin da aka gaya mini kawai, moto ce, wato babur, ta yi karo da mota. Yanzu shekarata talatin, kuma irin wannan ne aikina kullum. Duk abin da ke shafin nan zan iya ɗauka.

'Yarka,
Ummul Khairi


Birni, 25 ga Maris, 2024

'Yata Ummu,

Sallama da gaisuwa. Na yi kwana tara ina ɗaukar bik ina ajiyewa. Ga hoton shafin nan na haɗo miki. Yana cikin jakar takardun gidana tun ranar da na yanke shi.

Ranar cin kasuwa ce, bayan la'asar. Aka kawo mini mutum biyu a amalanke: babanki Hamisu, da wata mata mai suna Zuliha da motar ta bankaɗe a gefen hanya. Ita ƙashin cinyarta ya fito, jini na tsartuwa. Shi kuwa ƙujewa ce a hannu da goshi, yana zaune yana magana, har yana yi mini ba'a wai yau ya faɗo hannun suruki. Na ɗaure mata ƙafa, na sa wa kowannensu sarum, wato ƙarin ruwa. Mota ɗaya ta tsaya, shaƙe da buhuna, wurin kwantar da mutum ɗaya ne kawai. Ya ce, "Lawali, sa ta, ni ai zan iya jira." Ni ma abin da na gani ke nan. Na sa ta.

Ashe jinin nasa a ciki yake zuba. Bugun zuciyarsa ya riƙa hawa, leɓensa ya yi fari. Na fita gudron na tsaya a tsakiya ina ɗaga hannu, ruwan sama ya sauko, motoci suka ɗauke. Sai bayan awa uku aka samu wata. A cinyata ya cika, muna daf da Tirmini.

Da na zo gida na ce wa uwarki mota ce ba a samu ba. Ban gaya mata an samu ɗaya na ba wata ba. Ƙanwata ce, ni na aurar da ita gare shi, na rasa bakin da zan faɗa mata. Da na dawo aiki na yanke shafin, har da waɗanda zan rubuta a bayansa na bari, sai da wata ya ƙare hannuna ya dawo.

To kin ji. Mutumin da ya yanke shafi a kayen aiki, sunansa bai kamaci takardar ilimi ba. In kin ji haushina, kina da gaskiya.

Kawunki,
Lawali


Birni, 29 ga Maris, 2024

Zuwa ga Likita, daga uwarta Rakiya. Ƙanwarki Sa'a ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Yaya Lawali ya zo gidan nan shekaranjiya, ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙo, ya cire hula, ya ba ni labarin da ya rubuta miki. Na bar shi ya kai aya. Sannan na ce masa, "Yaya, ai na sani tun kafin arba'in."

Zulihar nan da kanta ta sa aka kawo ta gaisuwa a kan jaki daga tasha, ƙafarta cikin filasta. Ita ta gaya mini yadda aka yi, da abin da babanki ya ce. Har yau duk kaka sai ta aiko mini da gyaɗa. Kin sha cin ta, ba ki san daga ina take ba.

Ya ce don me ban taɓa yi masa maganar ba. Na ce na ga yana ɓoyewa, na ɗauka rufin ya fi masa sauƙi. Ashe na bar shi da dutse a ƙirji shekara ashirin. Wannan kuskurena ne. Mun yi kuka, har lokacin shan ruwa ya yi ba mu sani ba.

Ki rubuta masa da wuri. Kullum sai ya tambayi Sa'a ko saƙo ya shigo. Kada ki yi masa irin dogon turancinku, ki gaya masa gaskiya a taƙaice.

Uwarki,
Rakiya


Dakar, 31 ga Maris, 2024

Kawuna abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Na yi jinkiri don na karanta shafin sau biyu ne, karatu iri biyu. Na farko a matsayin 'yar Hamisu. Ranar ban iya zuwa aiki ba.

Na biyu a matsayin likita. Ƙarfe huɗu da minti goma ka rubuta game da Baba: tansiyo, wato awon jini, sha biyu bisa takwas, bugu tamanin da takwas, yana cikin hayyacinsa. Ita kuwa tansiyo takwas, bugu ɗari da talatin. Na rufe sunayen na nuna wa malamina, na ce wa zai fara ɗorawa. Ko daƙiƙa bai yi ba ya nuna layin matar. Ni ma ita zan ɗora, Kawu, yau ɗin nan, da duk karatuna. A nan muna da na'urar duba ciki. Kai yatsunka biyu da agogo gare ka, kuma ka auna shi sau goma sha ɗaya cikin awa uku. Ba a bar Baba shi kaɗai ba, abin da na fi son sani ke nan.

Na shigar da Baba da Zuliha cikin aikin, kuma zan rubuta a fili cewa akwai mako biyu da ba a rubuta kowa ba. Shafin ya sa na koma baya, na samo wasu ashirin da shida irin Baba, da suka zo suna magana sannan suka faɗi. Mun ƙara sashe guda a kansu: duk wanda ya bugu a ciki, a riƙa auna shi bini-bini, ko da yana dariya. Wata rana wani majo zai karanta wannan a ƙauyensa.

Ba na jin haushinka ko kaɗan. Takardar sa hannun tana jiranka.

'Yarka har kullum,
Ummul Khairi


Birni, 6 ga Afrilu, 2024

'Yata,

Sallama. Na sa hannu, Sa'a ta aika. Rubutun ya ɗan karkace, ki shaida musu nawa ne.

Akwai abin da ban rubuta a shafin ba, don babu gurbinsa. Muna jiran mota, babanki ya ba ni labarin yadda kika yayyaga sabon rawaninsa kika ɗaure wa akuya karaya, ya ɗaga hannu zai mare ki, sai ya ga ɗaurin ya yi kyau, ya fasa. Ya ce washegari akuyar ta taka. Ya yi ta dariya yana dafe ciki, ya ce, "Yarinyar nan taka ce, Lawali, ni haihuwarta kawai na yi."

Barka da Sallah tun yanzu. Allah ya jiƙansa, ya dawo mana da ke lafiya.

Kawunki,
Lawali