Na Auna Ƙafar Mijina da Tsinken Tsintsiya

Anti Wasila, don girman Allah ki taimake ni, na yi abin alheri ya zame min ƙarfen ƙafa.

Shekararmu huɗu a unguwar International City a nan Dubai. Maigidana, Aminullahi, yana aiki a ofishin kargo a Deira. Yana ɗan shekara sha biyu ƙaninsa ya nutse a dam ɗin Tiga a kan idonsa, tun ranar ko abra, ɗan kwale-kwalen fito na nan garin, ba ya hawa, gara ya zagaya ta jirgin metro. Bara kwatsam ya ce zai koyi nutso, irin wanda ake goya tukunyar iska. Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma ranar da ya dawo daga darasin farko ya ce min ya daina jin haushin ruwa, kuka na yi.

Takalmin nutson nan mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, na aro yake sawa. Sai na ce bari in saya masa nasa ba tare da ya sani ba. Ranar Juma'a yana barcin rana na karyo tsinken tsintsiya na auna tafin ƙafarsa, yadda Innarmu ke auna mu idan za ta sayo takalmin Sallah. Na je kanti da tsinkena a jaka. Mai kantin ya yi ta tambaya, ni kuwa 'yar Kantin Kwari ce, na san duk abin da ya fi tsawo da kauri ya fi auki. Na zaɓi mafi tsawo, baƙi, mai tauri, wanda ake zura ƙafa tsurarta a ciki.

Ya yi murna, Anti, har ya ɗauki hotonsu ya tura wa Hajiyarsa. Sai makon jiya yana alwala na ga bororo biyu sun fashe a dunduniyarsa. Da na matsa wa abokin nutsonsa, ya gaya min sau biyu jijiyar sha-raɓarsa tana ɗaurewa a ruwa. Shi kuwa bai ce min uffan ba. Nan da mako uku zai yi nutson farko a teku, can Fujairah, kuma ya ce da takalmina zai shiga. Ina tsoron in yi magana in kashe masa gwiwa, mutumin da ya shekara ashirin kafin ya yarda da ruwa. Ina kuma tsoron in yi shiru ruwan ya ci amanarsa ta hannuna. Yaya zan yi?

Mai Tsinke, Dubai

*

Mai Tsinke, 'yar'uwata,

Na yi murmushi da na zo kan tsinken, don da shi aka auna ni nima. Sai dai tsinke tsawo kawai ya sani, bai san faɗi ko tudun ƙafa ba. Inna ma takan ƙara ɗan yatsa.

Na tambayi Malam Idris, wanda ya daɗe yana koyar da nutso. Ya ce dogon nan mai tauri na masu nutso da riƙe numfashi ne, waɗanda ƙafarsu ta goge. Sabon shiga mai goyon tukunya matsakaici yake bukata, mai ɗan laushi. Iri biyu ne: wanda ake zurawa da ƙafa tsura, da mai buɗaɗɗiyar dunduniya da maɗauri, wanda ake sawa a kan takalmin roba mai kama da safa. Na biyun ya fi masa, zai kare bororon, ya kuma taka dutsen bakin teku lafiya. Mai tsage a tsakiya ya fi sauƙi ga jijiya, mara tsage ya fi tura mutum idan ruwa na ja, wannan sai malaminsa ya zaɓa masa. A kanti ya sa robar tukuna, sannan ya zura, ya girgiza ƙafa. Kada ya yi lako-lako, kada yatsu su takura.

Yanzu maganar zuciya. Ke kin sayo don ƙauna, shi yana daurewa don kara. Babu mai laifi a cikinku, amma teku bai san kara ba. Gwiwar da kike tsoron kashewa ta fi ƙarfin takalmi. Ba takalmi ne ya kai shi bakin ruwa ba. Kuma wanda ya ga abin da ya gani a Tiga ya fi kowa sanin ruwa ba abokin wasa ba ne, jira kawai yake ki sauke masa nauyin.

Ki same shi yau, ki ce kin ga ƙafar, kuskuren naki ne. Ya gaya wa malaminsa batun jijiyar, ya gwada sabon a kwamin koyo, kuma idan ciwon bai warke ba a ɗaga ranar, Fujairah ba gudu za ta yi ba. Baƙin takalmin kuma ku ajiye, wata rana ƙafarsa za ta kai.

Allah Ya jiƙan ƙaninsa, Ya fito miki da shi lafiya kowane nutso, Ya bar ku tare. Wannan karon ki bar tsintsiya a gida, ki tafi kantin da mai ƙafar.

Antinki Wasila