Ciyawa Har Gwiwa

Sydney, Maris 1838

Inna,

Ina gaishe ki. Yaya tarin nan naki? Yaya Honora da yara? Ni lafiya lau, ana ta fasa dutse a gidan maigida na bakin teku.

Jiya wani mai zane ya zana gidan da jiragen ruwa, har da ni. Ya ce, "Kai fursuna, shiga ciyawa, maigida ba ya son ganin sarƙa a hotonsa." Na shiga har gwiwa.

An ce za a kai hoton gidan ƙanwarsa a Cork. Ki roƙa a nuna miki. Na tsaye a gindin bishiya, ni ne. Ki dubi fuskata kawai, Inna, kada ki nemi ƙafafuna.

Allah ya sada mu.

Ɗanki,
Malachy