Albarkar da Mama ta sa wa ɓarawo

Sigsig, 12 ga Disamba

Zuwa ga ƙanena Wilfrido,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga yayarka Narcisa. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yolanda da yara, kuma sanyin Murcia bai hana ka fita gonar lemo ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi wa guminku albarka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, masara ta yi kyau, ƙafar Kawu Segundo ta daina kumburi tunda ya yarda ya rage kwalba, ni kuwa ina nan ina saƙar huluna har yatsuna sun fara ƙorafi. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Dattijon nan Don Abelardo zai taso zuwa wurinku jibi, shi zan ba ya kawo maka hannu da hannu, domin kwanan nan na daina yarda da abin da ya fito daga waya. Rubutuna dai ka san shi, tun muna makaranta mummuna ne, ba mai iya kwaikwayonsa.

Ka san bana Mama ce uwar bikin Jariri Yesu a unguwarmu, abin da ta shekara goma sha ɗaya tana jiran ya zo kanta. Kamar kullum, 'yan kwamiti suka buga tsarin biki suka manna a ƙofar coci, suka kuma sa a shafin gari don ku na waje ku gani. Komai yana ciki: cikakken sunan Mama, lambar wayarta don masu gudummawa, da jerin 'ya'yan gari da suka aiko daga nesa. Kai ma kana ciki da hotonka, Wilfrido Tenesaca daga Murcia, wanda ya ɗauki nauyin makaɗa. Mun yi ta alfahari, ni har turawa na riƙa yi. Ashe tabarma muka shimfiɗa wa ɓarayi.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wa Mama daga baƙuwar lamba, da hoton nan naka a kai. Wai kai ne, tsohuwar wayarka ta faɗa ruwa, sabuwar kuma ba ta ɗaukar murya sai rubutu. Wai za ka sauka ranar ashirin da uku, bayan shekara tara, ka taya ta ɗaukar Jaririn a jerin gwano, amma kada ta gaya wa kowa don kana so ka yi mana bazata. Mama da kanta ta amsa masa cewa ai Narcisa ce ta ƙarshe da za ta ji, don bakina ya fi gidan rediyo. Ka ga ta ba shi sunana kyauta, har da halina. Daga nan kullum da safe sai ya rubuto yana neman ta sa masa albarka, kamar yadda muke yi kafin mu fita gida, ya tambaye ta ko ta karya, ko gwiwarta ta bar ta ta yi barci. Ita kuma ta sa tabarau ta zauna bakin murhu tana amsawa da yatsa ɗaya. Da ya ga ta saki jiki, sai ya ce ya turo akwatuna gaba, har da rigar Jaririn mai zaren zinariya, amma ba za a sake su ba sai da hoton katinta na ɗan ƙasa gaba da baya, da wani hoton tana riƙe da katin kusa da fuskarta. Ta yi kwalliya da siket ɗinta na Lahadi da farar hula, ta je ta sa maƙwabciyarmu Doña Hortensia ta ɗauke ta hoton, ta ce mata na coci ne.

Ni dai na ga Mama ta canza. Ta shafe ɗakinka da farar ƙasa, ta shanya barguna, ta ware kuy goma sha biyu, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo da muke kiwo don nama, tana ɗura musu ciyawa, wai na baƙi ne. Tana wanke-wanke tana waƙa, abin da rabona da ji tun kafin rasuwar Baba. Asiri bai tonu ba sai ranar da na kama ta tana ƙulle 'yan kunnenta na aure a hankici za ta kai kasuwa, don an ce akwatunan suna jiran kuɗin fito. Ka tuna ranar Talatar da na kira ka ina tambayar inda za ka yi Kirsimeti, ka ce a wurin aiki mana, ina kuwa? Mama tana tsaye a gefena tana ji. Wilfrido, murmushi ta yi, ta ƙifta min ido, ta ce in ji yadda yaron nan ya iya ɓoye magana. Dole na karɓi wayarta na rubuta wa mutumin cewa yaya hannunka da ka karya kana yaro, yana damunka da sanyi? Nan take ya amsa wai yana ɗan taɓa shi, amma da sauƙi. Kai da ko yatsa ba ka taɓa karyawa ba saboda tsoron hawa bishiya. Mama ta karanta sau biyu, ta cire tabarau, ta shiga ɗaki.

Washegari muka shiga birnin Cuenca. Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, aka ba mu takarda, muka nemi sabon kati. A can muka ji an riga an buɗe layukan waya biyu da sunanta, wato ana damfarar wasu iyayen da sunan Zoila Tenesaca. An rufe su, kuma an ce mu riƙa dubawa lokaci lokaci. Saboda haka ka ji ni da kyau. Duk wanda ya rubuto daga sabuwar lamba, ko da sunana ne, kada ka amsa sai ka kira tsohuwar ka ga fuska. Hoton kati ba a tura shi ga kowa, ko da Fadan cocinmu ne ya tambaya. Wanda ya ce a yi sauri kuma a yi shiru, ɓarawo ne. Na sa 'yan kwamiti sun cire lambobi da hotuna daga shafin, bayan na yi musu tatas. Ka gaya wa 'yan garinmu da ke tare da kai, don sunayensu ma suna cikin jerin.

Amma ba katin ne ya sa na zauna rubutu ba, Mama ce. Ta rage cin abinci, ta daina waƙa, har ta ce a ba wata bikin, wai ita da wane ido za ta kalli mutane. Shekaranjiya muna ɓarar wake ta ce min ita ba ta damu da kati ba. Abin da ke cin ranta shi ne kwana goma sha shida tana sa wa ɗanta albarka kowace safiya da dukan zuciyarta, yanzu ba ta san inda albarkar ta tafi ba. Har wurin Fada ta je ta tambaya. Ya ce mata albarka tana zuwa inda aka yi niyya. Ta dawo ta ce Fada yaro ne, bai taɓa haihuwa ba, ita hankalinta ba zai kwanta ba sai ta maimaita a gaban mai ita.

Ba laifinka nake gani ba, ɗan autan Mama. Na san gajiyar da kake kwana da ita, na san abin da kake aikowa. Amma na duba wayarta, rabonka da kiranta tun watan Agusta, kuma ta wannan ƙofar mutumin ya shigo. Ranar Lahadi bayan coci zan zaunar da ita da wayata a hannu. Ka kira ta yadda za ta ga fuskarka. Kada ka yi mata faɗa, kada ka ta da maganar, kada kuma ka yi alkawarin zuwan da ba za ka iya ba. Ka cire hula kawai, ka ce ta sa maka albarka.

Ka gaida Yolanda, ka rungume min Maribel da ƙaramin Efraín. Kawu Segundo da Doña Hortensia suna gaishe ku, haka ma mijina Rigoberto. Mama ba ta san na rubuto ba, don haka ba gaisuwarta a nan. Tana wurinta, sai ka kira ka karɓa ranar Lahadi.

Yayarka mai ƙaunarka,
Narcisa